Kurakuran da ɗaliban ilimin kayan ƙere-ƙere suka fi yi, da yadda za a gyara su

Ɗalibin da ya shiga karatun injiniya a Yamai, ko a Jami'ar Abdu Mumuni ko a makarantar EMIG mai horar da injiniyoyin ma'adinai da masana'antu, ba ya daɗewa sai ya haɗu da darasin da ke magana a kan kayan da ake ƙira da gini da su, wato ƙarfe da alminiyam da jan ƙarfe, siminti da kankare, ƙasa da itace, gilashi da roba. Da yawa daga cikin ɗalibai suna ɗaukarsa darasi mai sauƙi, domin ba shi da dogon lissafi irin na sauran darussa, kuma daga wannan raini ne matsalar ke farawa. Babban kuskuren da sauran kurakurai ke fitowa daga cikinsa shi ne a ɗauka cewa kowane abu yana da hali guda tabbatacce wanda aka rubuta a jadawalin ƙarshen littafi, sai a haddace lambar a zuba ta a takardar jarrabawa. Gaskiyar al'amari kuwa ita ce halin abu yana fitowa ne daga tsarin da ke cikinsa, shi kuma tsarin yana fitowa daga hanyar da aka bi aka sarrafa shi. Duk wanda ya raba waɗannan uku zai iya cin jarrabawa, amma ba zai iya faɗin dalilin da ya sa wani ƙarfe ya karye a hannunsa ba.

Misali guda ya isa ya tabbatar da wannan. A samu sandar ƙarfe mai kabon kashi 0,8 cikin 100, a raba ta biyu, a gasa gutsattsarin har zafinsu ya kai wajen digiri 800 a ma'aunin Selsiyus. A bar ɗaya ya huce a hankali cikin murhun, ɗayan kuma a tsoma shi cikin ruwa nan take. Na farko magagari zai ci shi, kuma za a iya huda shi. Na biyu magagari zamewa zai yi a kansa, idan kuwa aka sa masa guduma sai ya tarwatse. Ba a ƙara wa ɗayansu komai ba, ba a kuma rage ba, saurin hucewa kaɗai ya bambanta su. Saboda haka gyaran farko shi ne ɗalibi ya saba wa kansa, a duk lokacin da ya ga wata lamba a jadawali, ya tambayi a wane hali abin yake sa'ad da aka auna shi: an gasa shi ne an bar shi ya huce, ko an tsoma shi a ruwa, ko an murza shi yana sanyi, kuma a wane zafi aka yi gwajin.

Inda wannan kuskure ya fi bayyana shi ne zanen ƙarfe da kabon, wato zanen da ke nuna irin tsarin da ke cikin ƙarfe bisa ga yawan kabon da zafi, wanda kusan kowane ɗalibi yake zanawa da ka ba tare da ya iya karanta shi ba. Za ka tarar ya san cewa akwai layi a digiri 727, ya san akwai mahaɗa a wajen kashi 0,8 na kabon da wata a kashi 4,3, ya kuma san cewa daga wajen kashi 2,1 zuwa sama an bar ƙarfen ƙira an shiga ƙarfen zubi. Amma idan aka ce masa ga ƙarfe mai kabon kashi 0,4, ya bi shi daga sama zuwa ƙasa ya faɗi abin da ke faruwa a cikinsa yayin da yake hucewa, sai magana ta tsaya. Hanyar gyara ba ta wuce a ɗauki fensir a ja layi tsaye a kan adadin kabon da aka zaɓa, a sauko da shi a hankali, a tsaya a kowace iyaka a faɗi abin da ya fara fitowa da abin da ya ƙare. A ƙarfen nan mai kashi 0,4, ostenit, wato tsarin da ƙarfe ke ɗauka a babban zafi, ita ce kaɗai a sama, sa'an nan ferit, wato ƙarfe mai kabon kaɗan ƙwarai, ta fara fitowa a gefen ƙwayoyinta, abin da ya rage kuma ya juye ya zama perlit, wato tsarin da ya riƙe mafi yawan kabon, a digiri 727, har a ƙare da kusan rabi ferit mai laushi, rabi perlit mai ƙarfi. Wanda ya yi wannan tafiya da hannunsa ga ƙarafa iri uku ko huɗu ba ya sake buƙatar hadda, kuma ya fahimci dalilin da ya sa ƙarin kabon ke ƙara tauri yana rage miƙuwa.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa game da zanen nan, shi ne cewa yana bayyana abin da ke faruwa ne kawai idan hucewar ta kasance a hankali ƙwarai. Martansit, wato tsarin nan mai tsananin tauri da gautsi da ke samuwa idan an tsoma ƙarfen da ya yi ja a wuta cikin ruwa, ba ta cikin zanen ko kaɗan, domin tana samuwa ne sa'ad da kabon bai sami lokacin fita daga inda yake ba. Ɗalibai sukan yi ta nemanta a wurin, ko kuma su rubuta cewa kowane ƙarfe yana taurara idan an tsoma shi a ruwa, alhali ƙarfen da kabon ɗinsa bai kai wajen kashi 0,25 ba kusan ba ya taurara ta wannan hanya. Maƙeranmu sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa idan za su ƙera wuƙa ko gatari suke neman ƙarfen sifirin na tsohuwar mota, wanda kabon ɗinsa ya kai wajen rabin kashi ɗaya, ba su ɗauki ƙarfen ƙofa ba. Sun kuma san cewa bayan tsomawa dole a sake ɗumama ƙarfen kaɗan, ana kallon launin da ke bin bakinsa, daga ruwan ƙasa-ƙasa mai haske a wajen digiri 220 zuwa shuɗi a wajen digiri 300, domin a rage gautsi ko da an ɗan rage tauri. A ganina ɗalibin da ya zauna yini guda a gaban uwar maƙera da littafinsa a hannu, yana tambaya cikin ladabi, zai fahimci babin gashi da tsomawa fiye da wanda ya karanta shi sau biyar a ɗaki. Wannan fahimta ce kuma za ta hana shi barin a watsa wa walda ruwa don ta yi saurin hucewa, tun da yake gefen walda ya sha zafin da ya canza tsarinsa, kuma saurin hucewa na iya haifar da martansit daidai wurin da ake son juriya.

Kuskure na gaba yana da tsada idan ya fita daga aji ya isa wurin aiki, shi ne cakuɗa halaye huɗu da ba ɗaya suke ba: ƙin lanƙwasuwa, da yawan nauyin da abu ke ɗauka kafin ya lalace, da taurin fuska, da juriya ga bugu. Gilashi yana da taurin fuska, kuma yana ƙin lanƙwasuwa daidai da alminiyam, amma ba shi da juriya ga bugu. Jan ƙarfe da aka gasa yana da laushi, amma yana miƙuwa ƙwarai kafin ya tsinke. Ƙin lanƙwasuwa ana auna shi da lambar Young, wadda take kimanin gigapaskal 210 ga ƙarfe (paskal ma'aunin ƙarfin da ke kan wani faɗi ne, gigapaskal ɗaya kuma megapaskal dubu ne), kimanin 70 ga alminiyam, kuma abin da ɗalibai suka fi tuntuɓe a kansa shi ne cewa wannan lamba kusan ba ta canzawa tsakanin ƙarfe mai araha da mai tsada. Ƙarfen gini na FeE500 yana ɗaukar megapaskal 500 kafin ya fara miƙewar da ba ta komawa, na FeE400 kuma 400, amma a ƙarƙashin nauyi ɗaya da bai kai iyakarsu ba, daidai wa daida suke miƙewa. Don haka idan matsalar ita ce ƙarfen da ke ɗauke da rufi yana lotsawa fiye da kima, sayen ƙarfe mai babbar lamba ba zai magance ta ba. Abin da zai magance ta shi ne canza siffa, domin idan aka ninka zurfin sanda mai kusurwa huɗu sau biyu, lotsawarta tana raguwa sau takwas. Haka nan wanda ya musanya ƙarfe da alminiyam saboda rashin nauyi, kilo 2700 a kowace mita kubik maimakon 7850, ya kamata ya tuna cewa da girma ɗaya zai lanƙwasa ninki uku. Maganin wannan ruɗani shi ne a zana da hannu layin gwajin ja, wato gwajin da ake jan sanda har ta tsinke ana auna miƙewarta, a nuna a kansa inda kowane hali yake: gangaren farko shi ne ƙin lanƙwasuwa, gwiwar layin ita ce iyakar komawa, ƙololuwarsa ita ce iyakar ɗauka, tsawonsa shi ne miƙuwa, faɗin filin da ke ƙarƙashinsa kuma yana nuna yawan wahalar da abu ke sha kafin ya tsinke.

Batun ma'auni ba ya buƙatar dogon bayani, amma yana cin maki fiye da kowane babi. Megapaskal ɗaya daidai yake da niwton ɗaya a kan milimita murabba'i ɗaya, kuma wanda ya riƙe wannan ya yi dukan lissafinsa da niwton da milimita ya tsira daga yawancin kurakuran sifili. Sauran kuma sa kauri a gurbin rabin kauri ne wajen lissafin faɗin da'ira, abin da ke ninka amsa sau huɗu. Ya kamata ɗalibi ya riƙe ƴan lambobi a kansa waɗanda zai riƙa auna amsarsa da su. Ƙarfen gini mai kaurin milimita 12 faɗin bakinsa milimita murabba'i 113 ne, idan na FeE400 ne zai fara miƙewa a wajen niwton dubu 45, wato nauyin tan huɗu da rabi da ɗoriya. Wanda lissafinsa ya ba shi kilo 45 ko tan 450 ya san da akwai gyara kafin ya miƙa takarda. Mita ɗaya ta wannan ƙarfe tana da nauyin kilo 0,888, kuma wannan lamba tana da amfani har a kasuwa, domin idan abin da aka sayar a matsayin 12 ya kasance 11 ne, faɗinsa ya ragu da kimanin kashi 16 cikin 100, ido ba zai gani ba amma sikeli zai nuna.

Kankare ya cancanci a daɗe a kansa, saboda shi ne abin da mafi yawan waɗanda suka gama karatu za su yi aiki da shi a ƙasar nan, kuma a kansa ne aka fi samun kuskuren fahimta. Ɗalibai da yawa, har da waɗanda suka rubuta amsa daidai a jarrabawa, a zuciyarsu sun ɗauka kankare bushewa yake yi ya yi ƙarfi, kamar tubalin laka. Ba haka ba ne. Siminti, wanda ake samu ta hanyar gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a zafin da ya kai wajen digiri 1450 kamar yadda ake yi a masana'antar siminti ta Malbaza, haɗuwa yake yi da ruwa ya zama sabon abu mai ɗaure yashi da tsakuwa, kuma wannan haɗuwa tana ci gaba kwanaki da makonni muddin akwai danshi. Shi ya sa ake auna ƙarfinsa a kwana 28, kuma a kwana 7 yakan kai wajen kashi biyu cikin uku na wannan ƙarfi. Idan ruwan ya gudu da wuri, aikin ya tsaya a inda ya tsaya. A Yamai ko Tawa, inda zafin watan Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, iskar hunturu kuma take busar da komai cikin sa'o'i kaɗan, rufin kankaren da aka zuba da rana tsaka aka bar shi a buɗe zai tsattsage tun bai kwana ba. Gyaran shi ne a zuba da sassafe ko da yamma, a jiƙa katakon da za a zuba a ciki, a rufe fuskar da buhuna masu danshi, a kuma ci gaba da ba shi ruwa aƙalla kwana 7.

Abin mamaki shi ne kuskuren yana da fuska ta biyu, domin wanda ya hana kankare ruwa bayan zubi sau da yawa shi ne ya cika masa ruwa wajen kwaɓi. Ruwan da ya wuce abin da siminti ke buƙata yana barin ƙananan ramuka idan ya fita, ramukan nan kuwa su ne ke rage ƙarfi, su ne kuma hanyar da danshi da iska ke bi su isa ga ƙarfen ciki. Kwaɓin da aka saba yi wa ginshiƙi da rufi shi ne kilo 350 na siminti a mita kubik ɗaya, wato buhu 7 na kilo 50, ruwa kuma wajen rabin nauyin siminti, kimanin lita 25 ga kowane buhu, tare da lissafa danshin da ke cikin yashin. Magini zai so ya ƙara ruwa don kwaɓin ya yi saurin shiga tsakanin ƙarafa, kuma yana da hujjarsa, don haka aikin injiniya shi ne ya san yadda ake samun laushin kwaɓi ta wata hanya, kamar gyara haɗin yashi da tsakuwa, da sinadarin laushi, da girgiza kankaren yadda ya kamata, sa'an nan ya yi wa magini bayani da girmamawa, domin sau da yawa ya girme shi kuma ya fi shi daɗewa a aikin. Haka nan dole ne ɗalibi ya san dalilin da ya sa ake sa ƙarfe tun farko. Kankare yana jure danniya, amma abin da yake jurewa na ja bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, saboda haka ƙarfe yana zama ne a gefen da ake ja, ƙasa a tsakiyar rufi, sama a baranda mai fitowa waje. Kuma ƙarfen yana buƙatar lulluɓin kankare na santimita 2,5 zuwa 3 a gini na yau da kullum, domin kankaren ne ke kare shi daga tsatsa, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta kumbura ta fasa abin da ke kewaye da ita. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to haka danshi yake da kankare.

Wannan ya kawo mu ga wani kuskure da ba laifin littattafai ba ne, laifin karanta su ne ba tare da tambaya ba. Mafi yawan lambobin da ke cikinsu an auna su ne a wajen digiri 20. Ƙarfe mai tsawon mita 12 yana ƙaruwa da kusan milimita 6 idan zafinsa ya ƙaru da digiri 40, alminiyam kuma da kimanin milimita 11, kuma irin wannan bambanci tsakanin asubahin hunturu da kwanon rufin da ya sha ranar bazara ba baƙon abu ba ne a nan. Abin da aka ɗaure tam ba a bar masa wurin motsi ba zai nemi wurin da kansa. Roba ta fi shan wahala. Matsin ruwan da aka rubuta a jikin bututun PVC na digiri 20 ne, yana raguwa idan ruwan ya yi ɗumi, hasken rana kuma yana sa robar da ba a kare ba ta yi gautsi, shi ya sa ake binne bututu ko a shafe shi da fenti. Roba kuma tana ci gaba da miƙewa a hankali ƙarƙashin nauyin da bai canza ba, abin da gwajin minti biyu ba zai nuna ba. Masu harkar farantan hasken rana, fannin da marigayi Abdu Mumuni, masanin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ba da rayuwarsa a kai, su kula da haɗa alminiyam da jan ƙarfe kai tsaye, domin da zarar danshin damina ya shiga tsakaninsu alminiyam ne zai ciwu.

Raina ƙasa ma kuskure ne, kuma yana ba ni takaici fiye da sauran. Ɗalibi zai yi shekara uku yana lissafin ƙarfe da kankare, amma idan aka tambaye shi me ya sa wani tubalin laka ke tsagewa wani kuma ke rugujewa, sai ya ga kamar tambayar ba ta kai matsayinsa ba. Alhali amsar ilimin kayan gini ce tsantsa: yumɓu shi ne ke ɗaurewa, amma yana kumbura da ruwa yana ƙanƙancewa idan ya bushe, don haka yawansa ke kawo tsagewa, ƙarancinsa kuma ke kawo rugujewa, ciyawar da ake zubawa tana riƙe tsaga, makuba kuma tana kare fuska daga ruwa. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 da ƙasa aka gina ta. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji kuma an gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka mai da tsohon ya zama ɗakin karatu. Tubalin da aka matse, aka kuma ƙara masa siminti kaɗan, yana buƙatar gwaji irin wanda ake yi wa kankare, daga girman ƙwayoyin ƙasar da yawan ruwan da ya dace da matsi har zuwa ƙarfinsa a bushe da kuma a jiƙe. Wanda ke neman batun kundin kammala karatu da zai iya yi da kayan da ke kusa da shi, ga shi nan.

Sai kuma lissafin da ya tsaya ga nauyi mai zama wuri ɗaya. Sandar injin niƙa, da ƙarfen famfon rijiya, da ƙafar motar da ke bin hanyar jar ƙasa, ba nauyi ɗaya babba ke karya su ba, ƙaramin nauyi ne mai zuwa yana komawa sau dubbai har miliyoyi. Injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, shi ya yi nazarin wannan gajiya ta ƙarfe a ƙarni na 19, kuma a 1954 jiragen sama biyu ƙirar Comet na Ingila sun tarwatse a sararin sama saboda tsagar da ta faro daga kusurwar ƙofofin da aka yanka a jikinsu. Tsaga tana farawa ne inda siffa ta canza farat ɗaya, kamar kusurwa mai kaifi, da gindin zaren ƙusa, da bakin walda, da ramin da tsatsa ta ci. Saboda haka ɗalibi ya daina zana kusurwa mai kaifi a inda sanda ke canza kauri, ya ba ta lanƙwasa. Ya kuma koyi karanta fuskar abin da ya karye, domin karyewar gajiya tana barin gefe mai santsi da layuka masu zagaye inda tsagar ta yi ta tafiya a hankali, da gefe mai kaushi inda ragowar ta ɓalle a ƙarshe. Duk garejin kanikanci yana da tarin irin waɗannan karyayyun ƙarafa, kuma ba su da tsada.

Babin hanyoyin sarrafawa shi ne wanda aka fi bari sai daren jarrabawa, sakamakon haka kuma shi ne zane mai kyau a takarda wanda ba wanda zai iya ƙera shi. A kasuwar Katako da ke Yamai ana zubin tukwanen alminiyam a cikin yashi, kuma duk abin da littafi ya faɗa a kan zubi ana iya ganinsa a wurin. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, shi ya sa wutar gawayi da iska suke isarsa, ƙarfe tsantsa kuwa sai a 1538. Yana raguwa da fiye da kashi 6 cikin 100 na girmansa sa'ad da yake daskarewa, don haka wuri mai kauri da ya daskare a ƙarshe yakan bar rami idan ba a tanadi inda zai jawo ƙari ba. Danshin da ya yi yawa a yashi yana haifar da kumfa a cikin zubin, yana ma iya sa narkakken ya fantsama. Tsohon fistan na mota yana kwarara da kyau saboda silikon da ke cikinsa, gwangwanin lemo kuwa ba haka ba, kuma wanda ya san wannan zai gane muhimmancin tantance tarkacen da ake narkawa, balle a abin da za a dafa abinci a ciki, inda bai kamata dalma ta kusanto ba. Kafin ɗalibi ya ce ya gama zane, ya tambayi kansa ta yaya abin zai fita daga mazubi, ta ina bakin inji zai isa wurin da za a sassaƙa, guda nawa ake so, kuma akwai mai iya gyara shi a garin da za a kai shi.

Game da rahoton ɗakin gwaji, kuskuren da ya fi muni shi ne gyara sakamako don ya yi daidai da littafi. Idan samfurin kankare mai faɗin santimita 16 da tsawon 32 ya fashe a megapaskal 18 alhali ana jiran 25, abin da ake so daga ɗalibi shi ne ya rubuta 18, sa'an nan ya bincika dalili: ko fuskar samfurin ba ta daidaita ba, ko ba a ajiye shi cikin ruwa ba, ko yashin yana da laka, ko simintin ya daɗe a ajiye ya sha danshi. Samfuri ɗaya kuma ba ya isa a yanke hukunci, a fasa aƙalla uku a duba tazarar da ke tsakaninsu, musamman ga abubuwa masu gautsi, waɗanda ƙarfinsu ya dogara ga aibi mafi girma da ke ɓoye a cikin kowane guda. Idan injin gwaji ya yi kaɗan ga yawan ɗalibai, kada a tsaya jiran layi kawai. Kwalba da ruwa suna nuna yawan lakar da ke cikin yashi, magagari yana jera ƙarafa bisa taurinsu, tartsatsin dutsen wasa wuƙa yana bambanta ƙarfe mai yawan kabon da mai kaɗan, waya da aka yi ta lanƙwasawa kuma tana nuna yadda murza ƙarfe yana sanyi ke taurara shi kafin ya karye. Lokacin neman sitaj, wato koyon aiki a wurin aiki, ɗalibi ya fifita wurin da ake gwaji da hannu, kamar ɗakin gwajin ayyukan hanyoyi da gine-gine na ƙasa da ke Yamai, ko masana'antar siminti, ko wurin gini mai fasa samfuransa, kuma ya tafi da littafin rubutu wanda zai riƙa sa kwanan wata, da zafin ranar, da asalin kowane samfuri, da lambar da inji ya nuna kafin a yi mata wani lissafi.